BABI NA HUƊU: INSHORAR ƊAUKAR ALHAKI A MASHIGAR ƘASA, DAGA TASHAR JIRAGEN RUWA ZUWA KAN IYAKAR MAIGATARI

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan wani sharaɗi da ƙasashe kan gindaya wa abin hawan da ya taso daga waje kafin su bar shi ya shigo, wato mallakar inshorar da za ta biya diyyar duk ɓarnar da ya yi wa wani. An fi sanin wannan sharaɗi a tashoshin jiragen ruwa, domin a can ne ya fi tsauri, kuma a can ne aka fi kiyaye shi. Ƙasar Gumel ba ta da teku, babu kuma kogin da jirgi zai bi ya iso ta. Sai dai tana da mashiga, wato Maigatari, inda motocin Nijar suke shigowa Nijeriya, na Nijeriya su fita zuwa Dungas da Magarya da Damagaram. Saboda haka za a fara da yadda abin yake a teku, sa'annan a dawo kan tudu, a duba yadda ya shafi ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

4.1 Ma'anar Inshorar Ɗaukar Alhaki

Inshora yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani, inda mutumin zai riƙa biyan wani kuɗi ƙayyadadde, shi kuma kamfanin ya yi alkawarin ɗauke masa asarar da aka ambata a takarda idan ta auku. Iri biyu ne suka shafi wannan nazari. Akwai wadda take kare dukiyar mai ita, kamar motarsa ko jirginsa ko kayan da ya yi lodi. Akwai kuma wadda take biyan haƙƙin da ya hau kansa idan abin hawansa ya kashe wani, ko ya ji masa ciwo, ko ya lalata masa dukiya. Wannan ta biyun ita ake nufi da inshorar ɗaukar alhaki. Ana kuma ce da ita inshorar mutum na uku, domin mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, wanda aka yi wa ɓarna kuwa shi ne na uku, ko da yake ba ya nan lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar, bai kuma biya ko kwabo ba.

Bambancin nan shi ne ya sa hukuma take tilasta ɗaya ta ƙyale ɗaya. In mutum ya ƙi yi wa motarsa inshora ta ƙone, shi ya jiyo. Amma in ya buge mai tallar nono a bakin hanya alhali ba shi da abin biya, to wadda ba ta ji ba ba ta gani ba ita ce za ta ɗauki asarar. Idan kuma mai motar baƙo ne, dukiyarsa da danginsa duk suna wata ƙasa, lamarin ya ƙara taɓarɓarewa, domin sammacin alƙalin Gumel ba ya aiki a Damagaram.

4.2 Yadda Abin Yake a Teku

Abin da ya tayar da duniya daga barci a kan wannan batu shi ne haɗarin wani jirgin dakon mai da ake kira Torrey Canyon. A ranar 18 ga Maris, 1967, jirgin ya hau kan duwatsu a kudu maso yammacin Ingila ɗauke da ɗanyen mai kusan tan 120,000. Man ya malala ya ɓata gaɓar tekun Ingila da ta Faransa, har sai da gwamnatin Birtaniya ta tura jiragen yaƙi suka yi wa jirgin ruwan bama-bamai don a ƙone sauran man. Da aka zo neman wanda zai biya, sai aka tarar da wani irin ƙulli: jirgin yana ɗauke da tutar Laberiya, kamfanin da ya mallake shi yana da mazauni a tsibirin Bamuda, uwar kamfanin tana Amurka, matuƙan kuwa 'yan Italiya ne. Birtaniya ba ta sami kama bakin zaren ba sai da wani jirgi na wannan kamfani, Lake Palourde, ya tsaya a Singafo, aka lallaɓa aka manna masa sammaci. Daga ƙarshe aka daidaita a kan fam miliyan 3, Birtaniya da Faransa suka raba. Idan ƙasashe biyu masu ƙarfi irin waɗannan sun sha wannan wahala kafin su karɓi haƙƙinsu, to ina ga masunci mai kwalekwale ɗaya?

Sakamakon haka, a shekarar 1969 aka ƙulla yarjejeniya a Burasal a kan alhakin ɓarnar malalar mai, ta fara aiki a 1975, aka kuma sabunta ta a 1992. Yarjejeniyar ta ɗora alhakin a kan mai jirgi ko da ba a tabbatar da sakacinsa ba, ta sanya iyakar abin da zai biya gwargwadon girman jirginsa, sa'annan ta wajabta wa duk jirgin da ya ɗauko mai fiye da tan 2,000 ya mallaki inshora, ya kuma riƙe takardar shaidarta a cikinsa. Wani muhimmin abu da ta zo da shi shi ne ba wanda aka yi wa ɓarna damar ya kai ƙarar kamfanin inshorar kai tsaye, ba sai ya bi ta kan mai jirgin ba, wanda mai yiwuwa ne ya riga ya karye ko ya ɓace. An bi wannan sawu a 2001 aka yi wata yarjejeniyar a kan man da jirgi yake sha da kansa, wadda ta shafi jiragen da girmansu ya wuce tan 1,000. A 2007 kuma aka yi ta Nairobi a kan kwashe jirgin da ya nutse ya tare hanya, wadda ta shafi jiragen tan 300 zuwa sama, ta fara aiki a 2015. Nijeriya ta shiga duka ukun. Hukumar NIMASA ce take duba jiragen da suke shigowa Apapa da Tin Kan da Fatakwal da sauran tashoshi, kuma tana da ikon tsare jirgin da takardunsa ba su cika ba. Ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka sun sa hannu a kan wata takardar fahimtar juna a Abuja a 1999 domin su daidaita irin wannan bincike a tsakaninsu.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan wannan inshora ba kamfanonin neman riba ne suke bayar da ita ba. Masu jiragen ne da kansu suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, tun daga 1855 a Ingila, kowa yana zuba kuɗi gwargwadon jiragensa, wanda masifa ta faɗa wa a biya masa daga asusun, in kuɗin bai isa ba a sake yin karo-karo. Goma sha biyu daga cikin waɗannan ƙungiyoyi sun haɗa kai, kuma su ne suke lamunce wa kusan kashi 90 cikin 100 na manyan jiragen da suke ratsa teku. Ƙungiya takan ba mai jirgi wani kati da ake kira shuɗin kati, shi kuma ya kai wa ƙasar da yake ɗauke da tutarta, ta ba shi takardar shaida. An ga amfanin tsarin a 2021, lokacin da jirgin Ever Given ya gitta a mashigin Suwez ya tare hanya kwana shida a watan Maris. Masar ta tsare shi tana neman dala miliyan 916, kuma ba ta sake shi ba sai ranar 7 ga Yuli, bayan da aka daidaita da masu jirgin da masu inshorarsa.

Kada a ɗauka wannan labarin nesa ne. Riɗi da zoɓo da ƙaro da ake saye a kasuwannin ƙasar Gumel ta Legas suke bi su fita, kuma kuɗin inshorar jirgin yana cikin kuɗin dakon da ake cirewa kafin a yanke wa manomi farashi.

4.3 Maigatari a Matsayin Mashiga

Kan iyakar da ta raba Maigatari da ƙasar Damagaram ba daɗaɗɗiya ba ce. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta ta hanyar yarjeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka bi aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Kafin nan fatake da makiyaya suna kai da kawowa ba tare da wata takarda ba, sai dai fito ko kuɗin hanya da sarakuna suke karɓa. Har yanzu mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, wasu ma gonakinsu suna tsallaken iyaka.

Kasuwar Maigatari tana ci ne ranar Alhamis, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Ana koro shanu da raƙuma da tumaki da awaki da dawaki daga Nijar da ma gaba da ita, a yi musu lodi a tireloli, su bi ta Gumel su nufi Kano da kudancin ƙasar nan. Su kuma motocin da suka nufi arewa sukan ɗauki hatsi da siminti da kayan masarufi. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki (1999 zuwa 2007) an kafa yankin ciniki maras haraji a garin domin sarrafa kayan fitarwa waje. Matsayin garin ya ƙara fitowa fili a ranar 16 ga Disamba, 2020, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta buɗe kan iyakoki huɗu kacal daga cikin waɗanda ta rufe tun Agustan 2019: Seme da Illela da Mfum da Maigatari. Ke nan, a idon hukuma, Maigatari tasha ce kamar Apapa, illa dai jiragenta masu taya ne.

4.4 Dokokin Ƙasashen Biyu

Ingila ta wajabta inshorar mutum na uku ga masu motoci a 1930. Gwamnatin mulkin mallaka ta kawo irin wannan doka Nijeriya a 1945, ta fara aiki a 1950, ta kuma daɗe ana amfani da ita har zuwa 2025 da aka haɗe ta da sauran dokokin inshora a cikin sabuwar doka guda. Hukumar da take sa ido a kan kamfanonin inshora, NAICOM, an kafa ta ne a 1997. Shekaru masu yawa mai ƙaramar mota yana biyan Naira 5,000 a shekara, kamfani kuma ya lamunce ɓarnar dukiya har ta Naira miliyan 1. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar ta mayar da kuɗin Naira 15,000, lamunin kuma miliyan 3. Manyan motocin dako aka yanka musu Naira 100,000 da lamunin miliyan 5, babur mai ƙafa uku Naira 5,000 da lamunin miliyan 2, babur kuwa Naira 3,000 da lamunin miliyan 1. Wannan iyaka ta ɓarnar dukiya ce, ba ta rai ko rauni ba. Rundunar 'yan sanda ta sanar da fara tilasta bin dokar a duk faɗin ƙasa daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025.

Nijar kuwa tana bin dokar bai ɗaya ta ƙasashen Afirka rainon Faransa, wadda ake kira dokar CIMA. An sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Ita ma ta wajabta wannan inshora, sai dai ta bambanta da ta Nijeriya ta wata fuska mai muhimmanci. A Nijeriya, in ba a daidaita ba, kotu ce take kimanta diyyar rai ko ta rauni. A dokar CIMA kuwa akwai jadawali da aka gina a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasar da haɗarin ya auku, an faɗi rabon matar mamaci da na 'ya'yansa da na iyayensa, an kuma sanya wa kamfani wa'adin da zai gabatar da tayin biya. Saboda haka haɗari iri ɗaya, in ya auku kudu da shingen kwastan hukuncinsa daban, in ya auku arewa da shi daban.

4.5 Katin Ruwan Ƙasa na ECOWAS

Matsalar da ta rage ita ce, takardar inshorar da aka yanka a Kano ba ta ɗaure kowa a Damagaram, haka ma wadda aka yanka a Damagaram ba ta da tasiri a Gumel. Ƙasashen Turai sun warware irin wannan matsala da koren kati, wanda aka tsara a 1949 ya fara aiki a 1953. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta yi koyi da su. Yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta 1979 ta yarda ƙaramar motar gida ta zauna a wata ƙasar ƙungiyar har kwana 90, motar haya ko ta kasuwanci kuma kwana 15, muddin direba ya nuna lasisinsa da takardar mallakar motar da takardar kwastan da kuma inshorar da ƙasashen suka amince da ita. Domin a samar da wannan inshora ne shugabannin ƙasashen suka sa hannu a kan tsarin katin ruwan ƙasa a Kwatano ranar 29 ga Mayu, 1982. An kira shi haka ne saboda launinsa. Babban ofishin tsarin yana Lome, kowace ƙasa kuma ta kafa nata ofishin wanda kamfanonin inshorarta suke ƙarƙashinsa.

Za a fi fahimtar yadda yake aiki ta hanyar misali. A ɗauka wata tirela mai lambar Jigawa ta ɗauki siminti ta fita ta Maigatari, a wani ƙauye kafin Damagaram birki ya shanye mata, ta buge amalanke, ta kashe shanun biyu, ta karya mai amalanken. Direba zai nuna wa jandarmomi katinsa, su rubuta rahoto. Ofishin katin na Nijar, ko wani kamfani da ya wakilta, shi zai bincika, ya kimanta ɓarnar bisa dokar Nijar, ya biya mai amalanke da kuɗin sefa. Bayan nan sai ya aika wa ofishin Nijeriya da takardun, shi kuma ya karɓo kuɗin daga kamfanin da ya yanka wa tirelar inshora, ya mayar. Idan motar Nijar ce ta yi ɓarnar a tsakanin Maigatari da Gumel, sai a juya tsarin. Hikimar abin ita ce, mai amalanke ba ya buƙatar fasfo ko lauya a Legas. A ƙasarsa zai nemi haƙƙinsa, da harshen hukumarsa, kamar dai yadda yarjejeniyar 1969 ta ba masunci damar tunkarar mai inshorar jirgi. Shi ma direba yana amfana, domin katin yana matsayin mai tsaya masa, bai kamata a ci gaba da tsare shi ko motarsa don neman diyya kawai ba.

A da, sai direba ya je ya sayi katin daban duk lokacin da zai ƙetare. Sanarwar NAICOM da ta fara aiki a Janairun 2023 ta haɗe kuɗinsa cikin kuɗin inshorar mutum na uku, ta yadda duk wanda ya yanki ta gaskiya ya sami katin tare da ita. Da wuya a ce mafi yawan masu motocin sun san sun biya wannan haƙƙi.

Wajibi ne a fayyace abin da katin bai ɗauka ba, domin a nan ne ake yawan samun saɓani. Bai ɗauki gyaran motar mai katin ba. Bai ɗauki kayan da ke cikinta ba, saboda haka in tirelar shanu ta kife, mai shanun ba shi da abin karɓa sai in ya yi wa dabbobinsa inshorar kaya daban. Haka nan mutanen da kan ɗare saman lodi a motar da aka yi wa rajistar ɗaukar kaya, matsayinsu mai rauni ne, domin kamfani yana iya kafa hujja da cewa an yi amfani da motar ba bisa sharaɗin takardarta ba. Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Gumel da yammacin Alhamis zai ga yawan waɗanda wannan magana ta shafa.

4.6 Tsakanin Takarda da Aiki

A teku tsarin ya kankama ne saboda mashigar ɗaya ce. Jirgi mai tan dubbai ba shi da ɓarauniyar hanya, dole ya zo bakin tasha, dole a duba shi. Kan iyakar Nijeriya da Nijar kuwa ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma a yankin Maigatari da Sule Tankarkar fili ne shimfiɗaɗɗe mai yashi, babur da a-kori-kura suna iya ratsawa ta ko'ina, musamman da rani. Abin hawan da ya fi yawan ƙetarawa, wato babur, shi ne kuma wanda ba a cika tambayarsa takarda ba.

Matsala ta biyu ita ce takardun jabu. An daɗe ana sayar wa direbobi takarda mai tambari a bakin ofisoshin lasisi da tashoshin mota a kan kuɗi kaɗan, alhali babu wani kamfani a bayanta. Irin wannan takarda tana iya fitar da direba a shingen bincike, amma ranar da aka yi haɗari ba ta da maraba da takardar ƙunshe ƙosai. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ta kafa rumbun bayanai na kwamfuta inda ake sa lambar mota a ga ko inshorarta ta gaskiya ce, ana kuma iya dubawa ta wayar hannu. Wannan ya rage ɓarnar, ko da yake amfaninsa ya rataya ne a kan jami'in da ke bakin shinge ya damu ya duba. Ta uku ita ce jinkirin biya tsakanin ofisoshin ƙasashen, abin da tarurrukan tsarin suka sha kokawa a kai. Ofishin da ya biya bai ga an mayar masa ba, gobe zai yi nawar biya, jami'an tsaro kuma su ga gara su riƙe motar da direbanta, tunda su ne abin da ke hannu.

Girman abin da ake magana a kai ya bayyana a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, lokacin da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutane fiye da 150 suka rasu. Garin ba ya cikin masarautar Gumel, amma maƙwabcinta ne, kuma irin waɗannan tankoki suna bin hanyoyinta. Motar da kuɗin inshorarta na shekara bai wuce Naira 100,000 ba tana iya jawo asarar da babu mai mota ɗaya da zai iya ɗauka. A teku an yi wa wannan tanadi, domin bayan inshorar mai jirgi akwai wani asusu na ƙasa da ƙasa, wanda manyan masu sayen mai suke zuba wa kuɗi, a riƙa cike giɓin daga cikinsa.

4.7 Al'ada da Addini

Ko da takardun sun cika, akwai abin da kan hana a kai ga kamfani. A al'adar mutanen yankin, idan mota ta kashe mutum, shugabannin tasha da mai motar sukan je ta'aziyya, a zauna gaban mai unguwa ko dagaci, sau da yawa dangin mamaci su ce ƙaddara ce, sun yafe. Wasu suna ganin karɓar kuɗi tamkar sayar da jinin ɗan'uwa ne. Yafiya abin yabo ce, amma sau da yawa masu yafewar ba su ne za su ci gaba da ciyar da marayun ba. Kuma wanda aka sauƙaƙa wa a zahiri ba direban ba ne, kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗi don irin wannan rana ne.

Diyya kuwa ba baƙuwa ba ce a shari'ar Musulunci. Diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, kuma a mazhabar Malikiyya ba wanda ya yi kisan kaɗai ake ɗora wa ba, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne suke haɗuwa su biya cikin shekara uku. Ke nan raba nauyin kuskuren mutum ɗaya a kan jama'a abu ne da fiƙihu ya sani tun da daɗewa. Inda malamai suka yi saɓani shi ne a kan inshorar kasuwanci. Malamin da aka fi ambata a matsayin wanda ya fara tattauna ta shi ne Ibn Abidin na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1836, kuma abin sha'awa, a kan inshorar kayan jiragen ruwa ya yi maganar, bai kuwa halatta ta ba a mafi yawan surorinta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari da ke cikinta, amma ta taimakon juna ta halatta. A kan wannan tushe aka gina takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, ta kuma ba kamfanonin Noor da Jaiz lasisi a 2016. Idan aka duba da kyau, tsarin takaful ya fi kusa da na ƙungiyoyin masu jiragen ruwa da aka ambata a 4.2 fiye da kusancinsa da kamfanin neman riba. Ƙungiyoyin direbobi da na dillalan dabbobi na Maigatari sun riga sun saba da karo-karo idan ɗayansu ya shiga matsala, saboda haka tunanin ba zai zame musu sabo ba.

4.8 Ficewar Nijar Daga ECOWAS

Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe Maigatari tare da sauran mashigai, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A ranar 28 ga Janairu, 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. A wannan rana ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, su bar su su shiga su fita ba tare da biza ba, su kuma ci gaba da karɓar kayansu bisa tsarin ciniki na ƙungiyar, har zuwa lokacin da za a daidaita.

Wannan ya shafi batun da ake nazari kai tsaye, domin katin ruwan ƙasa ɗa ne na yarjejeniyar ECOWAS. Takardar shaidar jirgin ruwa ba ta dogara da ƙawancen siyasa na yanki ba, yarjeniyoyin duniya ne suka tsaya mata. Shi kuwa katin, ƙarfinsa yana ga amincewar ofisoshin Nijeriya da Nijar cewa duk wanda ya biya a madadin ɗan'uwansa za a mayar masa. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tasu ta kansu, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, tun kafin a haifi ECOWAS, kuma harkokin sufuri da ciniki na kan iyaka suna cikin abubuwan da aka kafa ta domin su.